Abin taunar kare na gida: wanne ke goge haƙori, wanne ke fasa shi?

"Likita, barka da aiki. Ina da kare namiji, shekararsa 4, nauyinsa wajen kilo 14, kuma an dandaƙe shi. 'Yan watannin nan bakinsa yana wari, da na ɗaga leɓensa sai na ga wani abu ruwan ƙasa ya manne a gindin haƙoransa na baya. Nakan saya masa sandunan taunar nan da ake cewa suna wanke haƙora, amma ban san abin da ake zubawa a cikinsu ba, shi ya sa nake so in riƙa yi masa da kaina. Na ga wani haɗi na gari da man kwakwa da na'a-na'a. Shin zai cire abin da ya manne, ya kuma kashe warin? In ba zai yi ba, me zan haɗa?"

Malam, barka kadai. Na ji daɗi da ka ɗaga leɓen ka duba, don mutane da yawa sai kare ya ƙi cin abinci sannan suke tuna yana da haƙora. Tambayarka uku ce a cure: ko abin tauna na gida zai cire abin da ya riga ya manne, ko zai kashe warin, sannan wane haɗi ne ya fi. Ta farko amsarta a'a, kuma ba na gida kaɗai ba, har wanda ake sayarwa. Ta biyu ta danganta da inda warin yake fitowa. Ta uku ce mai tsawo, kuma tun yanzu nake so in juya maka tunani a kanta. Abin da ke goge haƙorin kare ba kayan da aka zuba a cikin abin taunar ba ne, irin taurinsa ne da tsawon lokacin da karen ya ɗauka yana fama da shi. Wanda ya gane haka zai yi abin kirki da dankali guda da wuƙa. Wanda bai gane ba zai tara kaya goma masu kyau, ya ƙare da biskit.

Mene ne abin da ya manne?

Babban kare haƙoransa 42 ne, kwikwiyo kuma 28, waɗanda ke zubewa na dindindin su maye gurbinsu, yawanci kafin ya cika wata 7. Kowane haƙori a cikin baki, ko da yanzu aka wanke shi tas, cikin 'yan sa'o'i wani siririn yauƙi zai lulluɓe shi. Ido bai cika ganinsa ba. Ƙwayoyin bakteriya ne suka yi wa kansu gida a cikin yawu da ragowar abinci. Muddin yana nan a yauƙinsa, cire shi ba wuya: buroshi, ko ƙyalle, ko wani abu mai tauri da ya gogi jikin haƙorin zai tafi da shi. Amma in aka bar shi kwana biyu zuwa uku, sai ma'adinan cikin yawu, musamman kalsiyam, su fara zama a kansa har ya sandare kamar siminti. Shi ne abu ruwan ƙasan da ka gani, ni kuma tsatsar haƙori nake kiransa in ina yi wa masu karnuka bayani. Yawun kare ya fi na mutum karkata zuwa kanwa-kanwa, ba shi da tsami sosai, shi ya sa kare bai cika yin kogon haƙori irin namu ba amma tsatsa takan kama shi da wuri. Kuma ba mamaki da ka gan ta a haƙoran baya na sama: nan ne bututun yawu suke buɗewa, ta gefen kunci.

Ita tsatsar muni gare ta, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Fuskarta kaushi ce, sabon yauƙi ya fi samun wurin kamawa a kanta, daga nan bakteriya su gangara ƙarƙashin dasashi. Da farko dasashi yakan yi ja ya kumbura, ya riƙa zubar da jini in an taɓa. Wannan matakin yana warkewa sarai in an tsabtace bakin. In aka ƙyale, sai cutar ta fara cin zaren da ke riƙe haƙori da ƙashin muƙamuƙin da ke kewaye da saiwarsa, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Akasarin karnukan da suka wuce shekara 3 suna ɗauke da wani mataki na wannan cuta, ƙanana kuma sun fi shan wahala saboda haƙoransu a cunkushe suke cikin ɗan ƙaramin baki.

To, me abin tauna zai iya yi a cikin wannan duka? Zai iya kankare yauƙin da bai sandare ba daga saman haƙoran da kare ke tauna da su, wato turamensa na baya. Fiƙoƙi da ƙananan haƙoran gaba kusan ba su shiga aikin, don ba da su yake tauna ba. Ƙarƙashin dasashi kuwa, inda ainihin ɓarnar take, abin tauna ba ya kaiwa. Akwai wata hukuma a Amurka, Veterinary Oral Health Council, da aka kafa a 1997, wadda ke ba kayan haƙoran dabbobi hatiminta in sun ci gwaji. Abin da take nema shi ne gwaji biyu da za su nuna raguwar yauƙi ko tsatsa da kimanin kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da karnukan da ba a ba su ba. Ka lura da wannan adadin. Kayan da aka ƙera musamman don wannan aiki, aka gwada, ragewa kawai ake nema daga gare su, ba kawarwa ba. Wasunsu ma ana shafa musu sinadarin da ke kama kalsiyam ɗin cikin yawu kafin ya zauna a haƙori, abin da ba ka da shi a ɗakin girki. Na gida ba wanda ya gwada shi ta wannan hanya, don haka duk wanda ya ce maka haɗinsa yana wanke haƙori tas, zato yake sayar maka.

Tsakanin gautsi da ƙarfin dutse

Kuskure biyu ake yi, kuma kishiyar juna ne. Na farko shi ne abu mai gautsi. Kare ya ɗora turmi a kai, ya yi ƙas, ya wargaje, ya haɗiye. Haƙorin bai nutsa cikin komai ba, gefensa bai gogi komai ba. Ni kaina na taɓa ɓata yamma guda ina murza irin waɗannan sanduna da siffa mai kyau, na miƙa wa karyata guda, ban gama goge hannuna ba ta riga ta ɗago kai tana jiran na biyu. Tun daga ranar nake duba agogo. Abin da ya ƙare cikin ƙasa da minti ɗaya abinci ne, ba abin tauna ba. Ni nakan so in ga kare ya kwanta, ya danne abin da ƙafafun gaba, ya juya shi daga wannan gefen baki zuwa wancan na tsawon wasu mintuna.

Kuskure na biyu ya fi tsanani, kuma shi ne ke kawo mini marasa lafiya. Mutum ya ji ana cewa tauri ake so, sai ya ɗauko ƙashin ƙafar saniya, ko ƙaho, ko kofato, ko ƙanƙara. Gaskiya ne irin waɗannan sukan ɓantare tsatsa, amma garin neman gira ake rasa ido. Farin ɓawon da ya rufe haƙorin kare ya fi na mutum siranta nesa ba kusa ba, ga shi muƙamuƙinsa na da ƙarfi. Haƙorin da ya fi karyewa shi ne babban nan na sama a gefe, mai kama da almakashi, wanda yake yanka nama da shi. Yakan tsage ta gefen kunci, ɓallin ya ɗaga kamar an fasa katako, wani lokaci har jijiyar ciki ta bayyana. Abin takaicin shi ne kare ba ya kuka. Zai ci gaba da cin abincinsa da ɗaya gefen. Sai bayan watanni a kawo shi da kumburi ƙarƙashin ido yana fitar da mugunya, mai shi yana rantsuwa cizon ƙwaro ne, alhali saiwar haƙorin ce ta ruɓe. Na ga wannan ya fi a ƙirga, kuma kusan kullum in na tambayi abin da yake taunawa, amsar ɗaya ce. Dafaffen ƙashi kuma yana da nasa sharrin daban, don yakan farfashe ya zama tsinke mai kaifi ya soki maƙoshi ko hanji.

Ma'aunin da muke amfani da shi mai sauƙi ne. Danna farcen babban yatsanka a jikin abin: in ya bar shaida, ya yi, in farcen ya zame bai bar komai ba, ya yi tauri da yawa. Lanƙwasa shi: ya kamata ya ɗan bi hannunka kafin ya karye. Wasu abokan aiki sukan ƙara da cewa abin da ba za ka yarda a buga maka a ƙoƙon gwiwa ba, kada ka ba kare ya tauna. Abin da ake nema shi ne tauri irin na fata mai kauri, wanda haƙori zai nutsa a ciki, abin ya rungume shi ya goge gefensa kafin ya yage.

Haɗin da ka gani

Gari da man kwakwa da na'a-na'a, in aka gasa su, biskit ne mai ƙamshi. Ba guba ba ne in an yi shi da na'a-na'ar girki kaɗan, amma ba zai yi maka aikin da kake nema ba. Na'a-na'a da ganyen fasli sukan rufe wari na ɗan lokaci, kamar turare a kan rigar da ba a wanke ba, kuma ni tsorona ke nan da su: su kwantar wa mai kare da hankali alhali dasashi na ci gaba da lalacewa. Man kwakwa ana yawan yabonsa wai yana kashe ƙwayoyin cuta, sai dai abin da ya wuce ta baki cikin daƙiƙa goma ba shi da lokacin yin komai a kan haƙori. Abin da tabbas yake yi shi ne ƙara kitse. Cokalin cin abinci ɗaya na kowane irin mai yana da wajen kalori 120. Kare irin naka yana buƙatar kimanin kalori 800 a rana, kuma ƙa'idar ita ce duk abin marmarin da ake ba shi bayan abincinsa kada ya wuce kashi 10 cikin 100, wato wajen 80. Ka ga cokali ɗaya ya riga ya haura. Ga kuma karnukan da maiƙo mai yawa ke tayar musu da kumburin fankiriyas (wata gaɓa a ciki mai taimakawa wajen narkar da abinci), ciwo mai zafi da amai, wanda ba ka so ka gani.

Abin da nake yi da hannuna

Na fi son busasshen dankali mai zaƙi, don abu ɗaya ne tak, kuma kai ke da iko da taurinsa. Ka zaɓi babba mai tsawo, mara tabo da ruɓa, ka wanke shi sosai. Ba sai ka fere ba. Ka yanka shi a tsaye, bisa tsawonsa, ba zagaye-zagaye ba, don mai zagaye kare yakan haɗiye shi ɗungum. Kaurin kowane yanki ya kai milimita 7 zuwa 10. In ya fi haka siranta zai bushe ya yi garas-garas, mu koma maganar biskit. Ka jera su a faranti ba tare da sun hau juna ba, ba mai, ba gishiri, ba komai. A tanderu mai zafin digiri 120 a ma'aunin Selsiyos sukan ɗauki wajen awa uku, kana juya su a tsakiyar lokaci. In kana da na'urar busar da abinci, digiri 60 na awa takwas ko fiye ya fi ba da tauri mai kyau, don a hankali ruwan yake fita. Kada ka dogara da agogo kaɗai, tanderu ya bambanta, dankali ma haka. Ka ciro ɗaya, ka bar shi ya huce tukuna, don yana ƙara tauri in ya huce, sannan ka lanƙwasa. In ya lanƙwasu kamar takalmin fata bai karye ba, ka sauke. In ya karye ƙas, ya wuce. Karo na gaba ka rage lokaci ko ka ƙara kauri. Kada ka musanya shi da ɗanyen dankalin turawa, musamman mai kore ko mai tsiro, wannan yana da guba.

Dankalin yana da sitaci da zaƙi, ban ɓoye maka ba. Giram 100 na ɗanyensa kalori 86 ne, kuma busarwa ruwa kawai take cirewa, kalorin na nan. Don haka rabon karenka na rana shi ne abin da ya fito daga wajen giram 90 kafin a busar, yanki ɗaya babba ko biyu matsakaita, in ba a ba shi wani abin marmari ba. Karen da ke da ciwon suga, ko mai ƙiba, ko wanda ya taɓa yin tsakuwar mafitsara, ba na ba shi wannan sai likitansa ya amince.

Na biyu shi ne nama ko agara da aka busar. Wannan ya fi dankali ɗaukar lokacin tauna, karnuka kuma sun fi sonsa, amma ya fi buƙatar kula. Ka nemi jan nama mara kitse, ka yanka shi dogo-dogo bisa tsawon zarensa, don in ka yanka a gicciye zai riƙa gutsurewa da sauƙi. Matsalar ita ce zafin da ake busarwa da shi bai isa ya tabbatar da mutuwar ƙwayoyin salmonela ba, kuma waɗannan ba kare kaɗai suke kamawa ba, har yaran gida da ke wasa da shi. Saboda haka a fara gasa naman har zafin cikinsa ya kai digiri 71 in na saniya ne, 74 in na kaza ne, sannan a rage wuta a busar. Agara in ta bushe ƙarshe takan koma kamar ƙaho, sai a tsaya tun tana lanƙwasuwa, a yi mata gwajin farce. Abu ɗaya da ba kowa ya sani ba: ka guji maƙogwaro da naman wuyan da ba a gyara ba, don sau da yawa ƙullin tayirod yana manne a jiki, kuma karen da ke cinsa a kai a kai yakan kamu da yawan sinadarin da ƙullin ke fitarwa, ya rame, ya riƙa shan ruwa da haki. Hanta kuma ba abin tauna ba ce, ga ta da bitamin A mai yawan da ke cutarwa in ana ci kullum.

Karas ma yana da wurinsa. Babba guda, ɗanye, mai sanyin firji. Ba ya daɗewa a baki kamar sauran, amma kalorinsa 41 ne kawai a giram 100, don haka shi nake ba masu ƙiba. Kada ka daskarar da shi ya zama dutse, kuma in karenka mai haɗiya ne ba tauna ba, ka tsaga shi a tsaye. Kada ka firgita in ka ga gutsattsarinsa a kashi, haka yake fita.

In kuma lallai kana so ka kwaɓa wani abu, ga wanda ya fi kusa da abin da ake nema. Kofi ɗaya na dafaffiyar kabewa da aka dame, kofi biyu na garin alkama, ƙwai ɗaya, cokali biyu na garin jelatin (wanda ke sa abu ya daskare ya yi danƙo) mara zaƙi mara ɗanɗano, da ɗan yankakken fasli in kana so. Ka murza kwaɓin sosai, fiye da yadda ake yi wa biskit, don murzawar ce ke fito da danƙon alkama, danƙon kuma shi muke nema. Ka mulmula shi dogo, kaurin babban yatsa, ka tufka biyu-biyu kamar igiya don ya sami kwari da tudu. Ka gasa a digiri 160 na minti 25, sannan ka rage zuwa 95 na awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ƙofar tanderun a ɗan buɗe don tururi ya fita. Zai fito da tauri fiye da biskit, amma a wurina shi ne na ƙarshe a jerin. Wanda alkama ke sa wa ƙaiƙayi ko zawo sai a yi masa da garin hatsin ots, sai dai zai fi saurin wargajewa.

Abubuwan da ba sa shiga ko kaɗan

Mafi hatsari shi ne wani sinadarin zaƙi da ake rubutawa xylitol a jikin kwalba, wani lokaci E967. Ana sa shi a cingam, da man goge baki na mutane, da wasu nau'o'in markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba, wadda mutane ke yawan zubawa a abin marmarin kare. Ga mutum ba komai, har amfani yake wa haƙori, shi ya sa wasu ke zaton zai yi wa kare ma. A jikin kare insulin yake tunzurawa, wato sinadarin da ke saukar da suga a jini, sugan jini ya faɗi warwas cikin ƙasa da awa ɗaya. Kaso ɗaya bisa goma na giram a kowane kilo na nauyin jiki ya isa ya jawo haka, wanda ya fi wannan kuma yakan lalata hanta. Ka karanta jikin duk kwalbar da za ka ɗiba. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma nan ne romon da aka saya yake yaudarar mutane, don kusan kullum akwai su a ciki tare da gishiri. Inabi da zabibi suna kashe ƙoda. Cakulan guba ne. Tataccen man ƙamshi irin na ƙananan kwalabe, ko na na'a-na'a ne, kada ya shiga, don ƙarfinsa ba ɗaya ba ne da na ganye. Bekin soda da wasu ke zubawa wai don ya faranta haƙori, gishirin cikinsa ya yi yawa ga dabbar da ba ta san tofarwa ba.

Akwai kuma gubar da kai za ka iya haifarwa ba ka sani ba, wato fumfuna. Abin tauna mai lanƙwasuwa yana da sauran danshi a ciki, danshin ne ma ya sa yake lanƙwasuwa, kuma ba ka sa masa maganin hana lalacewa ba. Wasu nau'o'in fumfuna suna fitar da dafin da ke sa kare karkarwa da farfaɗiya. Don haka ka bar su su huce sarai kafin ka rufe, ka sa na kwana biyar zuwa bakwai a firji, sauran a firiza, inda za su kai wata uku. Ka riƙa cirowa kana bari su saki kafin ka bayar. In ka ga ɗigon fari ko kore a guda ɗaya, ko ka ji wani tsami, zubar da su duka, kada ka tsaya zaɓe.

Girman abin ya fi ƙarfin haɗiya, wato ya fi tsawon bakin karen. Kada ka ba shi ka fita. In ya rage ɗan guntun da zai iya wucewa maƙoshi, ka karɓe, amma ta hanyar musanya da wani abin da yake so, ba fizge ba, don kare in ya ga za a ƙwace sai ya yi maza ya haɗiye. Ka fara da rabin yanki ka ga yadda cikinsa zai karɓa kwana biyu.

Shi naka karen

Ban gan shi ba, kuma baki ba a yi masa hukunci daga nesa. Amma wari tare da tsatsar da ido ke gani a shekara 4 yana nuna cewa abin tauna ba shi ne matakin farko ba. Ka kai shi a duba. In dasashinsa ya yi ja, ko akwai haƙori mai girgiɗi ko tsagagge, ba shi abu mai tauri ƙarin azaba ne. Tsatsar da ta zauna sai an kankare ta da na'ura bayan an sa shi barci, a tsabtace ƙarƙashin dasashi, a goge fuskar haƙorin ta yi santsi, in da hali a ɗauki hoton saiwoyin, don fiye da rabin haƙori a ɓoye yake cikin ƙashi. Kada ka gwada ɓantare ta da ƙarfe a gida: za ka karce ɓawon haƙorin, sabuwar tsatsa ta fi samun wurin zama, kuma ka bar ta ƙarƙashin dasashi inda take. Sannan ba kowane warin baki ne daga haƙori ba. Na sha buɗe bakin kare in tarar da guntun icce ya gicciye a ganɗarsa tsakanin turame, ya kwana biyu yana ruɓar da naman wurin. Wari irin na fitsari yakan nuna ƙoda, mai zaƙi-zaƙi kuma ciwon suga, musamman in yana yawan shan ruwa ko yana ramewa. Ƙari a cikin baki ma yana wari.

Bayan an tsabtace, abin da zai riƙe bakin shi ne buroshi, abin tauna kuma ya zama mataimaki. Tunda yauƙi cikin kwana biyu zuwa uku yake sandarewa, gogewa sau ɗaya a mako ihu ne bayan hari; kullum ake so, in ya gagara to kada a tsallake fiye da kwana ɗaya. Ba sai ka buɗe bakin ba. Ka ɗaga leɓe kamar yadda ka yi, ka goge fuskar waje ta haƙoran, inda haƙori ya haɗu da dasashi, harshe yana ɗan taimakawa ta ciki. Makon farko ka bar shi ya lashi man goge bakin karnuka a yatsanka kawai. Mako na biyu ka naɗe yatsan da bandeji ka shafa fiƙoƙi da turame na daƙiƙa kaɗan. Daga nan ka kawo buroshi mai laushi. Ka sa safar hannu, ka tabbatar rigakafin haukan karensa bai wuce lokaci ba, in kuma yana gurnani ko yana kai cizo ka dakata, sau da yawa zafi ne yake ji. Yankin dankalin nan sai ka ajiye shi ya zama ladan da yake samu bayan an gama gogewa, ka ga zai fara zuwa da kansa in ya ga buroshi.

Ranar da aka wanke masa bakin, ka ɗaga leɓen ka ɗauki hoton babban haƙorin sama na kowane gefe da wayarka. Bayan mako shida ka sake ɗauka a irin hasken. In gefe ɗaya ya fi ɗaya datti sosai, da gefe guda yake tauna, sai a koma a duba abin da yake gudu a ɗayan.